Ku Daina Kashe Tsofaffin Jita da Sunan "Asali"

Akwai wata cuta da ta kama kasuwar tsofaffin kayan kiɗa a Amurka da Turai, ta biyo wayar salula ta iske mu har gida, ni kuwa ta kai ni maƙura. Cutar ita ce a ɗauki jitar bes, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya wadda ke riƙe da ƙugun kiɗa, a ce darajarta duk tana ga cewa ba a taɓa canza mata ko sukuru ɗaya ba tun ranar da ta baro masana'anta. Tana kiɗa ko ba ta yi, wannan ba ya cikin lissafinsu. Mamurɗin ƙara ya mutu, a bar shi haka. Ƙarafan wuya sun cinye har tsirkiya tana shaƙewa, a bar su. Waya ta tsinke a ciki, kada wanda ya kuskura ya kai mata dalma, wai dalmar 1962 ce a wurin, in ta narke dubban daloli sun narke tare da ita. Wannan doka ba makaɗa suka kafa ta ba. Dillalai ne suka kafa ta, su da attajiran da ke neman inda za su binne kuɗi, kuma abin da ta haifar shi ne jitocin da suka fi kowanne daɗin murya suna kwance cikin akwatuna, bebaye.

A tambayi wanda ya ƙera abin mana. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fitar da Precision Bass, a 1960 ya biyo da Jazz Bass, kuma har gobe yawancin jitar bes ta duniya a kan tsarin waɗannan biyun take tafiya. Dubi yadda ya haɗa su. Wuya daban, gangar jiki daban, sukuru huɗu ne kawai suka riƙe su ta baya. Mamurɗai da soket suna manne a jikin faranti, ka kwance ka ɗago su gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana buɗe cikin rediyo ya san duk abin da hannu ke murɗawa kullum wata rana zai ƙare, shi ya sa ya tsara komai yadda za a cire a sa wani ba tare da wahala ba. Wuya ya lalace, a kwance a ɗaura sabo, makaɗi ya koma bakin aikinsa a daren. Dalilin da ya sa talakan makaɗi ya rungumi kayan Fender ke nan. Yanzu kuma wasu da ba su taɓa tsayawa kan dandamali ba sun zo suna gaya mana cewa canza kayan jitar cin amanar Leo Fender ne.

Tushen abin yana watan Janairun 1965, lokacin da kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. A shekarun da suka biyo baya aka ƙara yawan abin da ake ƙerawa, aka sauya siririn fentin da aka saba da wani mai kauri, makaɗa suka fara cewa na da ya fi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma da kunne da yatsu suka gano ta. Sai dillalai suka karɓe ta daga hannunsu suka mayar da ita sikelin kuɗi. Yau in aka kawo jitar "kafin CBS" kasuwa, za a kwance wuyan a duba kwanan watan da aka rubuta da fensir ko aka buga da hatimi a gindinsa. Za a karanta lambar da ke bayan mamurɗai: 137 na kamfanin CTS ne, 304 na Stackpole, lambobin da ke biye su nuna shekara da makon da aka ƙera. Za a kashe wuta a haska fenti da fitila mai shuɗin haske don a gano inda aka taɓa. Za a sa madubin ƙara girma a kan kowane ɗigon dalma. Bincike ba laifi ba ne, mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai zuba wa kuɗi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a gama duk wannan, a yanke farashi, a biya, a rufe akwati, ba wanda ya ce a jona ta a amfilifaya a ji bakinta.

Mai karatu, bari in gaya maka abin da ke cikin jitar bes, ka yi hukunci da kanka. Ƙarafan da ke gicciye a wuya gaurayen tagulla ne da nikel, tsirkiya kuwa ta fi su tauri, tana gugar su duk lokacin da yatsa ya danna. Bayan shekaru sai su yi rami, sauti ya daina fita daidai. An yi su ne don su cinye a sake wasu. Mamurɗin ƙara, a cikinsa akwai siririn layin gawayi da wani harshen ƙarfe ke bi yana shafa. In layin ya goge sai ka ji ƙarar yagewa ko sauti ya ɗauke gaba ɗaya. Wani lokaci wanki da maganin feshi yana tayar da shi, kuma wannan ya kamata a fara gwadawa, amma in ya mutu ya mutu. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai kaurin gashin kai, zagaye dubbai. Gumi da danshi suna shiga, wayar ta tsinke a can ciki, ba abin da zai dawo da shi sai a warware a sake naɗi. Soket ɗin da ake cusa waya yana sakin baki. Kunnuwan ɗaure tsirkiya suna cin haƙoransu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙera don ya yi shekara sittin yana aiki.

Mafi muni shi ne farantin gaban na farkon shekarun 1960. Da wata irin roba aka yi shi wadda ke tsukewa in ta tsufa. Tana jan sukurori har su karkace, tana tsagewa a gefe, tana matse maɗaukin sauti, in ta fara ruɓewa kuma tana fitar da wata iska da ke sa ƙarafan da ke kusa su yi tsatsa. Wato kayan asali ne ke cin ɗan'uwansa na asali, a cikin akwatin da aka rufe don a kāre su. Mai hankali zai cire farantin ya ajiye shi gefe, ya sa sabo mai kama da shi. Amma dokar dillalai ta ce a'a, a bar shi ya ci gaba da ɓarna, domin takardar gwanjo ta samu damar ɗaukar kalmar "asali".

To wai su wa suka ba waɗannan jitoci sunan da ake sayarwa yau? Makaɗa ne, kuma a duba abin da suka yi da nasu. Jaco Pastorius, wanda ya shiga ƙungiyar Weather Report a 1976 ya sauya wa duniya tunani a kan abin da bes za ta iya, Jazz Bass ce ta 1962 a hannunsa. An cire mata ƙarafan wuya duka, an cike ramukan, an shafe allon da gam mai tauri irin wanda ake shafa wa jirgin ruwa. Daga nan wannan murya mai kama da kukan mutum ta fito. Daga baya jitar ta farfashe, masu gyara biyu a Florida, Kevin Kaufman da Jim Hamilton, suka tattara gutsattsari fiye da goma suka manne su, suka rufe gaba da baya da fallen sabon katako. A ma'aunin dillalai wannan jita shara ce: ba fentin asali, ba ƙarafan asali, jikin ma haɗe-haɗe ne. Amma da aka sace ta a New York a 1986, ta sake ɓulla bayan kusan shekara ashirin, sai da Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya sa hannu a aljihu don a warware rigimar mallakarta, saboda kowa ya san babu irinta a duniya.

Paul McCartney na Beatles ya sayi bes ɗinsa ta farko, ƙirar Höfner, a Hamburg a 1961 a kan fam 30. Da ita aka ɗauki waƙoƙin farko na Beatles. A 1964 ta gaji, aka kai ta gyara a Landan, aka sake mata fenti gaba ɗaya, aka yi wa maɗaukan sautinta sabon mazauni. An sace ta daga cikin mota a unguwar Notting Hill a 1972, ba ta dawo hannunsa ba sai da aka yi shelar nemanta a duniya, aka sanar da samunta a watan Fabrairun 2024. Wannan gyaran na 1964, wanda a ƙa'idar kasuwa ya kamata ya karya mata daraja, yana cikin alamomin da suka bambanta ta da dubban 'yan'uwanta. Geddy Lee na ƙungiyar Rush ya tsinci Jazz Bass ɗinsa ta 1972 a shagon jingina a garin Kalamazoo, jakin da tsirkiyoyinta ke hawa ba na Fender ba ne, Badass ne. Marcus Miller, wanda ya yi aiki da Miles Davis da Luther Vandross, ya kai tasa ta 1977 wurin Roger Sadowsky a New York aka sa mata na'urar ƙara ƙarfi mai batir. Shi kansa kamfanin Fender daga baya ya ƙera kwafin jitocin mutanen nan biyu ya sayar, da canje-canjen nasu a jiki. Kamfanin da ya haifi abin ya yarda gyaran makaɗi yana da daraja, dillali ne ya ƙi.

Na san za a kawo mini James Jamerson, kuma ya cancanci a kawo shi. Shi ne bes ɗin da ke ƙarƙashin yawancin waƙoƙin Motown na Detroit, har da faifan What's Going On na Marvin Gaye a 1971. Precision ɗinsa ta 1962 ya bar ta yadda ta zo, murafun ƙarfenta suna nan, soson da ke danne tsirkiya yana nan, tsirkiyoyin ma ba ya canza su sai in sun tsinke. Gaskiya ne. Amma ya bar ta haka ne don muryar da take ba shi ita yake so, kuma kullum tana kafaɗarsa a situdiyo tana cin gumi. Kunnensa ne ya yanke hukuncin, ba takardar farashi ba. An sace ta gab da rasuwarsa a 1983, har yau ba a gan ta ba. Duk wanda zai kafa hujja da Jamerson, ya fara fito da jitarsa daga akwati ya kaɗa ta kamar yadda Jamerson ya yi.

Ko kasuwar ma in ta zo wurin manyan kuɗi tana tona wa kanta asiri. A 2020 an sayar da Fender Mustang ta Bill Wyman na Rolling Stones a kan dala 384,000, alhali Mustang ƙaramar jita ce da aka fara yi don ɗalibai, kuma ta zamanin CBS ce da ake rainawa. A 2021 wata Yamaha ta McCartney ta tashi a kan dala 496,100. Ba dalma aka saya a nan ba, hannun da ya kaɗa aka saya.

Masu gogen Turawa sun daɗe da wuce wannan gardama. Antonio Stradivari ya rasu a Cremona ta Italiya a 1737. Kusan duk gogensa da ake kaɗawa a manyan zaurukan duniya yau an taɓa shi: a ƙarni na 19, da zauruka suka ƙara girma aka buƙaci ƙarin ƙarfin sauti, an tsawaita wuya an sauya masa kwana, da yawa an yanke tsohon kan an dasa shi a sabon wuya, an canza sandar da ke tallafe da allon gaba ta ciki. Jaki da tsirkiya kuwa ba a ma maganarsu. Duk da haka miliyoyin daloli ake sayensu, kuma ba wanda ya ce sun tashi daga na Stradivari. Kayan da ya haura shekara ɗari uku an yarda a gyara shi don ya ci gaba da magana, amma jitar da aka ƙera a masana'anta, da injin yankan katako, dubbai a shekara, ita ce aka ce ta fi ƙarfin a taɓa.

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga jitocin da ke barci a akwati, da da sauƙi. Ta wuce nan. Tunda aka sa wa kowane sukuru na 1960 da wani abu farashi, sai ya zama jitar da aka taɓa sake wa fenti, wadda dillalai kan zubar wa kusan rabin kuɗinta, ta fi tsada in an wargaza ta. Sai a sayi lafiyayyar jita mai kiɗa, wadda wuyanta da jikinta suka yi shekara hamsin tare, a kwance ta. Wuya ya tafi Japan, maɗaukin sauti ya tafi Jamus, farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar jitar ya tafi wani wuri. Can kuma wani ya tattaro sassa daga jita biyar ya ɗaura su, ya rubuta "duk asali" ya kai kasuwa. An kashe jita biyar na gaskiya don a haifi ta ƙarya guda ɗaya. A bayan wannan kuma ga masu jabu: masu buga hatimin bogi a gindin wuya, masu tsufar da sabuwar dalma, masu manna tambarin Fender a wuyan da bai taɓa ganin Kalifoniya ba. Tun 1995 Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka ƙuje da gangan don su yi kama da tsofaffi, a ƙarƙashin sunan Relic, kuma su suna faɗa a fili cewa sababbi ne. Amma dabarar tsufar da fenti da ƙarfe ta bazu, kuma ba kowa ke faɗa ba. Wanda ya ɗora farashin duniya a kan ɗigon dalma, shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Kada wani ya ɗauka ina ba masu kurfi da sanfefa lasisi. Fushina a kansu bai gaza na dillalai ba. A shekarun 1970 da 1980 an yi wa tsofaffin Fender kisan gilla: an kankare fentinsu don a ga ƙwayar katako, an fafe jikinsu don a cusa batir da ƙarin maɗaukin sauti, an huda kawunansu don a sa manyan kunnuwa. A lokacin ana iya yi wa wasu uzuri, domin jitar Marcus Miller sabuwa ce a sa'ad da aka taɓa ta, ga irinta jibge a shaguna. Yau ba wannan uzurin. Jitar da ta tsallake shekara sittin da katakonta cikakke, duk wanda ya kai mata kurfi azzalumi ne. Mamurɗi in ka cire za ka iya mayarwa. Katakon da ka fafe ba ya tsirowa. Fentin da ka kankare ya tafi ke nan har abada, da duk sawun hannun da suka riƙe ta. Allon wuyan na farkon shekarun 1960 da katakon wata bishiya ta Brazil aka yi shi, wadda yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa ta sa a jerin da aka fi tsananta wa tun 1992, har ketare iyaka da jitar ma sai da takarda. Daga tsakiyar 1962 kuma allon ya koma siriri ƙwarai. Mai gyaran da bai san wannan ba, ya zo canza ƙarafa ya bi allon da sanfefa son ransa, garin gyaran gira ya tsone ido. Iyakar a fili take ga mai son gani: abin da za a iya mayarwa yadda yake, a canza shi ba fargaba, abin da ba ya komawa, a yi tunani sau goma, sa'an nan a fasa.

Wani zai ce mene ne ruwanmu da rigimar attajiran Amurka. Da ruwanmu, domin maganar ta iso. Mu ba Fender ta 1962 ke zuwa mana ba galibi. Abin da ke sauka daga kwantena cikin kayan gwanjo, ya bi ta kasuwar Alaba a Legas ya hauro Arewa, tsofaffin jitocin Japan da Koriya ne da makamantansu, kuma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Su ne ke hannun samarin coci, da ƙungiyoyin kiɗan biki, da 'yan situdiyo. Na zauna da wani matashi mai hannu, jitarsa tana ɗauke sauti a tsakiyar waƙa saboda soket ya saki. Gyaran da bai fi ƙarfin kuɗin abincin rana ba. Ya ce shi ba zai canza ba, ya gani a bidiyo cewa in an taɓa dalma darajar ta faɗi. Yaro yana tsaye gaban jama'a yana jin kunya, yana danne waya da gwiwa, don kiyaye farashin da ba wanda zai taɓa ba shi. Na kuma ga kishiyar haka: wata tsohuwar bes mai kyau da aka kai wa wani mai gyara don ƙaramar matsalar waya, ta dawo an fafe cikinta, an watsa mata fentin mota, tsofaffin kayanta kuma an ce an share su da shara. Duka biyun jahilci ne, kuma duka biyun jitar ce ta biya.

Abin takaicin shi ne mu ba mu da dalilin ruɗewa a nan. Makaɗin kalangu in fata ta fashe sabuwa yake sawa, tsirkiya ta tsinke ya ɗaura wata, icen kuwa yana lallaɓa shi kamar ƙwai domin shi ne gadon. Ba a taɓa jin wanda ya ce kalangun ya tashi daga na kakansa don an sake masa fata ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya rataye shi da fasasshiyar fata yana jiran mai saye ba. A Kaduna, Bala Miller ya riƙe babbar ƙungiyar kiɗa da kayan zamani, a Yamai ga Tal National suna kwana suna kiɗa, Mdou Moctar kuwa da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Kiɗan jita a ƙasashenmu da gyara da dabara ya rayu. Ba mu ne za a koya wa tsoron dalma ba.

Ga kuma yanayinmu, wanda masu bidiyon can ba su san da shi ba. Hunturu yana tsotse danshin katako, allon wuya ya tsuke, bakin ƙarafa ya fito ta gefe yana yankan yatsu. Damina ta zo katako ya kumbura, wuya ya sauya lanƙwasa. Dole a riƙa daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi a jira a gani, ba da ƙarfin tuwo ba. A tsofaffin Fender da masu kwaikwayonsu, kan wannan sanda yana gindin wuya, sau da yawa sai an sassauta sukurori huɗun nan kafin a kai gare shi. Wanda ya rantse ba zai taɓa sukuru ba, a Kano ko Zinder, hunturu biyu ko uku sun isa su mayar masa da wuyan jita baka. Ga ƙura da ke shiga mamurɗai, ga zafin but ɗin mota da ke sakin gam. Jitar da ba a kula da ita a nan ba ta zama "asali", gawa take zama.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa duk wanda tsohuwar bes ta faɗo hannunsa. Ka fara da wanki da daidaitawa, sau da yawa nan matsalar take ƙarewa. Abin da ya mutu ka gwada tayar da shi, in ya ƙi ka canza. Ka nemi sabon da ya yi daidai da ramukan da ke nan, kada a ƙara huda ko ɗaya. Kamfanoni da yawa suna ƙera kunnuwa da jaki da faranti a kan tsohon awo, CTS ma har yau suna yin mamurɗai. Maɗaukin sauti in ya tsinke a sake naɗa shi a kan tsohon maganaɗisunsa, ya fi a jefar. Ƙarafan wuya in sun cinye a kai wa wanda ka ga aikinsa da idonka, ba wanda ya ce ya iya ba. Duk abin da aka cire, har mataccen mamurɗi da tsatsattsen sukuru, ka ƙulle a leda ka rubuta ranar ka ajiye cikin akwatin jitar, kuma ka gaya wa mai gyara tun kafin ya fara cewa za ka karɓi tsofaffin kayanka. Fenti ka bar shi da tabonsa. Ranar da za ka sayar kuma, ka faɗi duk abin da aka canza ɗaya bayan ɗaya. Laifi ba ya ga sabon mamurɗi, yana ga wanda ya sa sabo ya rantse tsoho ne.

Akwai 'yan ƙalilan da na yarda a killace: samfurin farko da aka gwada a masana'anta, ko wadda ta zo mana daga 1951 ba a taɓa ta ba, domin masu ƙira da masu bincike su ga yadda aka yi. Waɗannan wurinsu gidan tarihi, inda kowa zai gani, ba ɗakin ajiyar wani attajiri ba. Sauran dubban kuwa kayan aiki ne.

Ku masu kuɗin da kuka tara su, ba na roƙonku ku yi kyauta. Ku kai su a gyara, ku ba makaɗa aro su shiga situdiyo da su, kamar yadda gidauniyoyi ke ba matasa aron gogen Stradivari. Ku masu gyara, ku ajiye kurfi, ku koyi riƙe ƙarfen dalma da tsabta, ku mayar wa mutane tsofaffin kayansu. Kai kuma ɗan'uwa makaɗi, in soket ɗinka ya saki, gobe da safe ka kai a canza shi.